Abin da Ƙugiya Ta Ciro a Rijiyar Malam Iro

Ko da yake na yi ritaya, duk lokacin da aka turo ɗaliban makarantar koyon aikin tsafta su san makamar aiki a Wudil, sai an rako su gidana su gaishe ni. Sukan zo cikin sabon kaki, an goge shi har yana ɗaukar ido, ni kuwa takalmansu nake fara kallo kafin fuskokinsu. Kwanakin baya ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baba, ai aikin duba-gari ba wani tenshan. Ka zaga kwata da safe, ka leƙa masu abinci a bakin gada, ka koma ofis ka sha fanka." Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Can sai idonsa ya kai kan ƙugiyar da ke rataye a zaurena, ya tambaye ni ko ta kamun kifi ce. Saboda shi da ire-irensa na zauna nake wannan rubutu.

Ƙugiyar ta Baba Tanko ce, tsohon duba-garin da na koyi aiki a hannunsa. Ƙirar maƙera ce, ƙarfe mai yatsu a lanƙwashe, irin wadda ake ciro guga da ita in ya faɗa rijiya. Ranar da na fara binsa, wani gida muka shiga a cikin gari, tsakar gida an share ta fes, har da yayyafin ruwa. Na buɗe baki zan yaba, ya harare ni. Ya wuce kai tsaye bayan randa, ya zura hannu ya shafo gansakuka, sannan ya sa ludayinsa ya kamfato ruwan ƙasan randar ya ɗaga shi a rana. Ga 'ya'yan sauro nan suna ta wutsil-wutsil. Da muka fito ya ce, "Garba, tsakar gida domin kai aka share ta. Bayan randa shi ne na masu gida. Duk inda ka ga an gyara maka, ka duba inda ba a gyara ba."

Kayan aikinsa ba su da yawa: ludayi, tocila, doguwar igiya, gwangwanin hodar kulorin da ake zuba wa ruwa, sai ƙugiyar nan. A kan rijiya kuwa yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da maimaitawa. "Rijiya ba ta zuwa ko'ina. Inda aka haƙa ta nan take har ta mutu. In ka ga ta yi ciwo, kawo mata aka yi. Kada ka yanke mata hukunci sai ka sa ƙugiya ka tambaye ta su wa ke zuwa wajenta." A lokacin ina ɗaukar maganar tsufa ce kawai.

Mutanen da muke hulɗa da su ba miyagu ba ne, masu neman abinci ne, amma duk wanda ya yarda da maganarsu ta farko bai fara aiki ba. Wata Juma'a, ranar kasuwar kara ta shanu, wani mahauci ya tare ni tun daga nesa da gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya koma ya tambayi lafiyar babur ɗina. Da ya kai kan babur sai na san akwai magana. Na ɗaga fatar da ya shimfiɗa a gefe, ga huhun saniya a ƙasa duk ƙuraje. 'Yan garuwa kuwa kowa zai rantse maka ruwan famfo ya ɗebo, kai dai sunkuya ka dubi tayar kurarsa, laka baƙa ta bakin kogi daban take da jar ƙasar cikin gari. Mai kifi a bakin gada zai yi ta watsa masa ruwa yana sheƙi, kai kuma ka buɗa kunnen kifin ka shinshina. Aikin ke nan, ka gaisa da mutum da fara'a, idonka yana bayansa.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda kogi ya yi ambaliya ya cinye gonakin fadama, masai suka cika suka tumbatsa. Ruwa bai gama janyewa ba amai da gudawa ya ɓulla. Inda ya fi tsanani a wajenmu wata 'yar unguwa ce can bayan Achika, ana ce mata Unguwar Giginya. Ita ce ƙarshen ƙasarmu. Daga ita sai wani rafi wanda ruwansa bai wuce gwiwa ba, in ka tsallaka ka shiga wata ƙaramar hukumar, akwai wani ƙauye a can mai kasuwar mako. Mutanen tsallake da na Giginya auratayya suke yi tun kaka da kakanni, rafin nan mu ma'aikata kaɗai muka san iyaka ne.

Rijiya ɗaya ce tal a Giginya. Mahaifin mai unguwa Malam Iro ne ya haƙa ta sadaka, kuma ruwanta garai-garai, ba ta ƙafewa ko da rani. In babu ita, mata sai dai su koma ɗiban ruwan rafi, wanda a wannan shekarar gara ka sha guba da shi. Rijiyar nan nake ta fama da ita. Zan auna zurfin ruwa da igiya, in dama kulorin in zuba, in tsaya har ruwan ya ɗauki wari, in tafi. Bayan kwana kaɗan a sake kwaso mutane a amalanke. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na fara zargin mai kula da sito, ko ya cakuɗa hodar da alli. Na je na sa ya buɗe sabon gwangwani a gabana, warin ya sa mu hawaye mu duka biyu, ya yi fushi da ni har bayan Sallah. Hoda lafiyarta ƙalau.

A lokacin ne aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da juna, aka turo wata likita daga Kano ta shugabance shi. Tsarin a baki daɗi gare shi: duk wanda ya ga cuta a wajensa ya sanar nan take, magani a raba, maras lafiya a kai shi rumfar da ta fi kusa ko ta wace ƙaramar hukuma ce. Sai dai akwai abin da kowa ya sani ba a faɗa. Duk inda aka ce daga nan cutar ta taso, za a rufe kasuwarsu, a kira sunansu a rediyo. Ciyaman ɗin tsallake kuwa zaɓe na gabansa, kasuwar nan kuma ita ce tukunyarsa.

Duba-garinsu wani ne Sabi'u, bai kai ni shekaru ba. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Ana tsakiyar damina, ko'ina taɓo, mutum ya shigo taro da takalmi sau-ciki yana walƙiya, ga turare. Duba-garin da takalminsa ke walƙiya a shekarar kwalara, ko dai ba ya fita aiki, ko kuma yana da abin da yake wankewa. Yakan zauna a bayan ciyamansu, in an zo kansa ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe, a wajenmu ko mutum ɗaya babu." Ba ya ɗaga ido in yana faɗa. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina, ashe ƙudajen tsallake sun san iyaka, in sun zo bakin rafi sai su juya.

A zama na gaba ciyamansu ya buga tebur ya ce tunda duk masu cutar daga Giginya suke, kuma duk rijiya ɗaya suke sha, a kawo tifar yashi daga bakin kogi a cike ta kafin ta shafa wa mutanensa. Maganar da kamar hankali a cikinta, ba ni kuma da abin da zan nuna. Likita ta dube ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in sa mata ƙugiya tukuna. Haka aka koya mini." Aka yi dariya, wani ya ce ko zinare nake nema. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce na samu, amma da zarar an sami tifa ba za ta jira ni ba, don rayuka ake magana.

Ina kwance igiyar babur a waje sai ga Sabi'u da turarensa.

"Yaya Garba, ashe har yanzu ana yawo da ƙugiya?"

"Ana yi."

"Har ƙasa take kaiwa kuwa?"

"In igiya ta isa."

"To yaushe za ka?"

Na dakata da kwance igiyar. Me ya haɗa shi da ranar da zan je? Na ce a raina, wato akwai abin da suke so su kwashe kafin in isa. Na dube shi na ce, "Jibi, in Allah ya kai mu." Ya ce Allah ya kai mu. Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaure ƙugiya a bayan babur.

Malam Iro ya tare ni a bakin unguwa, dattijo mai kamala, idonsa duk ya faɗa. Ranar da ta wuce suka binne ƙanensa. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, sai kuma ya shiga gaisuwa. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya ce in shigo zaure a kawo koko. Na tuna da mahaucin kara. Na ce koko ya jira, muka nufi rijiya. Muna isa na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, don kullum sai rana ta ɗaga nake zuwa, dabbobi sun gama tattake wurin. 'Yar hanyar da ta gangara daga rijiya zuwa rafi an share ta, ga zanen tsintsiya nan ɗanye a kan ƙasa. Wa ke share hanyar jeji a unguwar da ake zaman makoki, in ba sawu ake ɓoyewa ba?

Na zura ƙugiya. Sa ƙugiya ba jefawa ba ne kawai. Sai ka sake ta a hankali har ka ji igiya ta yi sako-sako, sannan ka riƙa janta kana zagaya bakin rijiyar, kana saurare da yatsunka. Na farko ta fito da tsohon gugan roba baƙi, irin na tayar mota da duk Giginya ke amfani da shi. Na biyu wata ruɓaɓɓiyar igiya da murfin kwano. Na uku na ji ta kama wani abu mara nauyi, na jawo, sai ga bokitin roba sabo. Na juyo shi, na share laka da babban yatsa. Ciyaman ɗin tsallake ne yake mini murmushi, da hularsa da alamar jam'iyyarsa. Irin bokitan da ya raba wa matan ƙasarsa ne don neman ƙuri'a, kuma ba mai ba ɗan Giginya, tunda ba a can suke zaɓe ba.

Na ɗaga shi na ce, "Mai unguwa, wannan bawan Allah me yake nema a rijiyarka?"

Malam Iro ya zauna a kan dakali. Ya ce, "Malam Garba, mai unguwar tsallake surukina ne, uban matata. Cutar nan a wajensu ta fara, tun kafin mu. Daga wajen ciyamansu aka zo aka rufe musu rijiya da ƙaya, aka ce duk wanda ya faɗa, a bakin rawaninsa. Ya aiko mini cewa matansu za su riƙa zuwa ɗiban ruwa da sassafe kafin a ji ƙarar babur ɗinka, in rufa masa asiri."

"Da gugunansu?"

"Kowa da nasa."

Gugan da ya kwana a tsakar gidan da ake jinya, igiyarsa tana jan ƙasa, shi ake tsomawa kowace safiya a ruwan da na gama sa wa magani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba ranka ya daɗe! Ka binne ƙanenka jiya, tifa na hanya za a cike rijiyar mahaifinka, kana kallona kana mini tayin koko?"

Ya ce, "Mahaifina da ya haƙa ta cewa ya yi ko maƙiyinsa kada a hana shi. In hana surukina ruwa? Ko in je gaban hukuma in tona masa asiri, in dawo in dubi 'yarsa a ɗakina? Na ce gara hukuma ta cike ta da hannunta, ni dai ba da bakina ba." Hawaye na bin gemunsa yana faɗa. Haushi nake ji da tausayi a lokaci guda, ban san wanda zan fara da shi ba.

Na naɗe wando na tsallaka rafi da bokitin a hannu. Ba ni da hurumi a can, amma ƙafa ba ta neman izini. Ga rijiyarsu nan an lafta mata sarƙaƙiya. Ga maƙabarta a gefen hanya, jar ƙasa sabuwa jere. A zauren mai unguwarsu na tarar da mutane kwance a tabarmi, an rataye ledojin ƙarin ruwa a jikin azara. Wanda ke durƙushe yana neman jijiya a hannun wata tsohuwa, da takalmin roba, taɓo har gwiwa, ido ya yi ja, Sabi'u ne. Babur ɗinsa na jingine a waje, takalmin nan mai walƙiya yana cikin leda a ɗaure a bayansa.

Ya ɗago ya ce, "Yaya Garba, ɓatan hanya ka yi?"

"Kayan ciyamanku na tsinta."

Ya dubi bokitin ya mayar da kai ga aikinsa. "Ai an raba su da yawa."

Bai tambaye ni inda na tsince shi ba. Wannan ya tsaya mini a rai, don haka da na koma bakin rafi na zauna na yi wa bokitin duban bayan randa. Hannunsa ko gogewa bai yi ba, gindinsa babu ƙarzuwa ko ɗaya, bokitin da bai taɓa aiki ba ne. Guntun igiyar da ke jikinsa kuwa, igiyar da ta tsinke bakinta yakan yi buzu-buzu. Wannan bakinta a daidaice yake, yankan wuƙa.

A zaman kwamiti ban yi dogon bayani ba. Na ajiye bokitin a gaban likita da lakarsa, fuskar tana kallon mai ita, na faɗi inda ƙugiya ta ciro shi. Ban ambaci Malam Iro ba, ban ambaci surukinsa ba, igiyar kuwa na riga na kwance ta na sa a aljihu. Ciyaman ya tashi yana faɗa, wai sharri ne na 'yan adawa, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Likita ta bar shi ya gama, ta juya ga Sabi'u ta ce, "Malam, har yanzu ko mutum ɗaya babu?" Ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ƙaramin ma'aikaci ne. Amma hanyar garin mota tana shiga." Ta ɗauki jakarta ta ce kowa ya tashi.

Ranar aka kafa rumfar jinya a bakin rafi, ma'aikatansu da namu a ciki, aka daina tambayar maras lafiya daga wane ɓangare yake. An rufe kasuwarsu na ɗan lokaci. Tifar da aka kira ta zo, amma yashinta siminti aka kwaɓa da shi. Muka yashe rijiyar Malam Iro, muka ɗaga bakinta, muka yi mata murfi, muka kafa gwafa muka ɗaure guga ɗaya a jiki wanda ba ya taɓa ƙasa. Aka sa mutum biyu, ɗaya daga Giginya ɗaya daga tsallake, su ke ja su zuba wa kowa, gugan gida ya tsaya a gida. Ba a hana kowa ruwa ba, wasiyyar mahaifinsa ba ta karye ba. Tasu rijiyar ma aka yashe ta, muka riƙa sa musu magani rana ɗaya, ni da Sabi'u, ina auna tasa hodar yana auna tawa. Kafin kaka cutar ta lafa. Rijiyar tana nan har yau, da gugan nan ɗaya.

Ciyaman bai iya kama kowa da hujja ba, amma bai buƙaci hujja ba. Aka ɗauke Sabi'u aka jefa shi wani lungu inda ko babur sai an tura, ƙarin girma kuma ya wuce shi har ya bar aiki. Ni dai na daɗe ina juya maganar wanda ya jefa bokitin nan a rijiya. Wata rana in ce shi ne, wata rana in ce wata mata ce ta yi sabon bokiti ya suɓuce mata, wata rana in ce ko 'yan adawar ne suka sayi Sabi'un. Halin aikin ne, ba ya barin mutum.

Bayan shekaru na haɗu da shi a kara wata Juma'a, ya zo sayar da ɗan maraƙi, furfura ta cika masa kai, silifas ne a ƙafarsa duk ƙura. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Ya ce ya rijiyar Giginya, na ce tana nan. Ya hau babur zai tafi, na riƙe masa kan babur ɗin.

"Sabi'u, don Allah, wa ya yanke igiyar nan?"

"Igiya ai tsinkewa take yi, Yaya."

Na sake shi. Ya buga babur ya tashi, sai ya waiwayo.

"Amma kai ma, Yaya Garba, in ka ce wa mutum jibi, ka riƙa nufin jibi. Da na gane gobe kake nufi, ranar nan ko abincin rana ban tsaya na ci ba."